Ƙafar Ustaz Barewa

Salha ta zura hannu cikin takalmin hagu, ta bi shi lungu-lungu da yatsu, ta fito da wani ɗan ɓarin katantanwa da bai kai farce girma ba. Ta ɗaga shi saitin fuskar mijinta, wanda ke zaune a bakin gadon otal yana gyara ƙyallen kansa a madubi.

"Tun yaushe wannan yake ciki?"

Ustaz Zafir ya ce shi bai ji komai ba. Ta ce ai da yana ji, da ba ta baro gidanta a Abha, can cikin duwatsun Saudiyya, ta zo tsakiyar teku tana laluben takalmi ba.

Ciwon sukari ya daɗe da kashe masa tafin ƙafa. Ko ƙusa ya taka, sai wani ya gaya masa. Bara aka yanke masa ƙaramin yatsan ƙafar hagu, gyambon da ya biyo baya a diddige kuma ya ci watanni kafin ya rufe. Ranar da ya rufe ɗin, likita bai kalli Zafir ba, ita ya kalla, don ya san mai saurare a gidan. Ya ce in ciwon nan ya sake buɗewa, ba maganar yatsa za a yi ba, daga gwiwa za a cire. Tun daga ranar Salha ta zama mai gadin ƙafa. Safe da yamma sai ta ɗora ta a cinya ta duba, kuma farar safa kawai take saya masa, don in jini ya fito a gani.

Ta jawo ƙafar ta duba. Diddigen ya ɗan yi ja, amma bai fashe ba. Ta sa masa safa, ta ɗaure masa takalmin da kanta, irin mai faɗin bakin nan da ake yi wa masu sukari, wanda shi Zafir yake kira makara.

Hutun nan dabararta ce. A Abha ba a yin mako ba a yi biki ko suna ko walimar wanda ya dawo daga tafiya ba, Zafir kuwa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa juya wa tire baya ba. Masu zuwa dubiya ma da kwalin dabino suke zuwa, su zauna su tambaye shi ya ƙafa, su taya shi cinyewa. Shi ya sa ta zaɓi tsibirin Farasan. Mako guda inda ba wanda ya san su, gasasshen kifi da kokwamba, tafiyar yamma a bakin ruwa. Likita ya yarda, da sharaɗin ba shiga ruwa, ba taka ƙasa ba takalmi. Ɗansu Majid ya kama musu ɗakin otal da gurbi a jirgin ruwa. Ta san Zafir ya taɓa koyarwa a nan kafin aurensu, amma wa zai tuna malamin firamare bayan shekara arba'in? Ita kanta ba za ta iya kawo sunan malamanta biyu ba.

Ashe gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago. Mai otal ɗin, wani mai furfura da ake kira Shu'i, ya karɓi katin Zafir, ya dubi suna, ya dubi fuska, sai ya zagayo daga bayan kanta ya sumbaci goshinsa yana kiran Ustaz Barewa. Sunan da yaran tsibirin suka sa masa ke nan a wancan zamani, saboda ba mai kamo shi a guje, ko a filin ƙwallo ko a bakin ruwa. Kafin su buɗe akwati labari ya zaga gari. Rabin magidantan tsibirin ashe a hannunsa suka koyi lissafi, kuma kowannensu yana da rago a ɗaure.

A ranar farkon ne Zafir ya riƙe hannunta a bakin ƙofar ɗaki, ya ce abu ɗaya yake roƙonta: kada wanda ya ji maganar sukari ko ta ƙafa a garin nan. Ta yi masa alkawari, don ta zaci gaisuwar yini ɗaya ce. Yau kwana na huɗu. Tekun da ta zo dominsa ta tagar mota kawai take ganinsa, daga gidan wannan zuwa gidan wancan. Da asuba da ta gwada jininsa, lambar da na'urar ta nuna sai da ta sa ta salati.

"Yau ba gidan kowa, Abu Majid. A nan za mu ci, da yamma mu taka mu dawo."

Ya dafa ƙirji ya ce ya ji. Bai sauke hannun ba aka danna hon a ƙasa.

Abkar ne. Ƙaton mutum ne mai kwale-kwalen kamun kifi, wanda ya naɗa kansa direban Ustaz tun ranar da suka sauka, muryarsa irin ta wanda ya saba magana da mutumin da ke wani jirgin daban. Suka same shi a harabar otal ya cika kujera, Shu'i yana zuba masa gahawa. Shu'i ya miƙe ya ce barka da fitowar Barewa, kamar yadda yake faɗa kullum, Zafir kuma ya ƙara miƙe wuya, kamar yadda yake yi kullum.

A yi masa adalci, ya gwada. Ya ce yau dai a yi musu afuwa, Ummu Majid ta gaji. Abkar ya ce an riga an yanka. Zafir ya ce a raba wa maƙwabta, lada ɗaya ne. Sai Abkar ya ajiye kofi, ya ɗaga yatsa sama a gaban Shu'i da baƙin da ke zaune.

"Na rantse, Ustaz, in ba ka ci abincin rana a gidana yau ba, na saki uwar 'ya'yana."

Magana ta ƙare. Daga duwatsun Abha har gaɓar teku, in namiji ya yi wannan rantsuwa a kan baƙo, baƙon ba shi da sauran ta cewa, sai in yana so a ce shi ne ya kashe auren mutane a kan shinkafa. Limamai sun yi wa'azi a kanta har sun gaji. Salha ta dubi mijinta ta saman niƙabi, ta ga fuskar mutumin da aka tilasta wa abin da yake so. Har da buɗe mata hannuwa, wai ta gani, ba laifinsa ba ne. Da ba a gaban mutane suke ba, da ta nuna masa inda laifin yake kwana.

Ta zauna a bayan mota, jakar ƙanƙarar da take ajiye alluran sukari a ciki tana kan cinyarta, wadda take rungume da ita tun daga Abha kamar jaririya. Da suka tsaya a ƙofar gidan, kafin Abkar ya zagayo, ta zura wa Zafir allura guda a aljihu, ta yi masa raɗa da sauri. Ya nemi bayi ya yi allurar kafin a kawo tire. Nama da ganye, shinkafa kaɗan. Kada ya taɓa zaƙi. Kada ya taka tsakar gida da safa kawai. Ya ce to, to, to, idonsa yana kan mazan da suka yi layi suna jiransa da kambun furanni.

A nan ikonta ya ƙare. Maza ta ƙofar gaba, mata ta ƙofar gefe. Abin da ta gani na ƙarshe kafin a ja ta ciki shi ne mijinta ya sunkuya a bakin zaure yana cire takalmin da ta ɗaure masa, ya jefa shi cikin tarin silifa a rana, ya shige da farar safarsa yana dariya.

Matar gidan Mahdiyya sunanta, siririya mai kaifin ido. Ta yi mata maraba yadda ya kamata, ta zaunar da ita a wuri mafi kyau, ta rataya mata furanni a wuya, amma fuskar nan ba walwala. Salha ta lura, ta kuma ji haushi. Wato ita da aka jawo dole ita ce za a ɗaure wa fuska. Ɗakin ya cika da mata, 'yan'uwa da maƙwabta, kowacce mijinta ko wanta ya yi karatu a hannun Ustaz, kowacce kuma tana so ta san wace rana ce tasu.

Ƙofar ɗakin tana kallon hanyar da ake bi daga kicin zuwa zauren maza, don haka duk abin da za a kai wa Zafir sai ya wuce ta gaban idonta. Rago ya wuce a kwance a kan tudun shinkafa. Kifi ya wuce. Tukwanen dutse suka wuce suna tafasa. Daga baya marsa ta wuce, gurasar da aka murje da ayaba aka tsiyaya mata zuma da man shanu har tana ƙyalli, a cikin kwanon da za a iya yi wa yaro wanka. Salha ta ji kamar a kan ƙirjinta aka ajiye kwanon.

Ta tura wa Zafir saƙo a waya: banda marsa. Ba a buɗe ba. Ta sake turawa. Ta kira, wayar ta yi ta ƙara, can aka ɗauka, sai muryar Abkar ta cika mata kunne, tana kuma jiyo ta ta bango a lokaci guda. Ya ce Ustaz hannunsa yana cikin tire, ta yi haƙuri ta bar musu shi na yau, ai ita ta samu shekara arba'in. Maza suka kwashe da dariya, aka kashe wayar.

Aka shimfiɗa wa mata nasu. Salha ta tsakuri kifi ta janye hannu. Ana ta tura mata nama gabanta, ana cewa mutanen dutse ba su iya cin abinci ba. Mutum ɗaya ce ba ta matsa mata ba, ita ce matar gidan, wadda ita ma ba ta ci, sai kallon hanyar zaure take yi tana murza yatsu. Can ta juyo ta tambayi Salha yaushe za su koma.

Ko a Abha, inda ake cewa mutane ba su da zagaye-zagaye, ba a yi wa baƙo wannan tambaya da abinci a gabansa. Salha ta ce jibi, in da rai.

"Jibi," in ji Mahdiyya, kamar an ce mata baɗi.

Ana cikin wanke hannu hayaniya ta tashi a waje, wata ta leƙa ta dawo tana guɗa. An tare harid. Kifin nan sau ɗaya yake zuwa a shekara, garke guda, ya shigo wani lungun ruwa mara zurfi. Masunta su zagaye shi da raga, a jira kowa ya hallara, sannan a yi kira ɗaya, maza su afka ruwa a guje, kowa yana damƙa da hannu yana cusawa a riga. Bana ya zo da wuri, kuma bayan la'asar za a shiga. Mata suka ce albarkar baƙo ce.

Wata tsohuwa mara haƙora ta matso ta dafa gwiwar Salha, ta ce ita ta ga shekarar da Barewa ya shiga. Ɗan dutse, wanda bai san teku ba, ya wuce 'ya'yan masunta kamar suna tsaye. Ya fito rigarsa cike da kifi, ƙafafunsa suna zubar da jini, yana dariya. Har yau in yaro ya yi gudu a wurin nan sai a ce ya yi na Ustaz. Tana cikin faɗa aka fara tafi a zauren maza, ana kiran sunan, ana cewa yau shi zai shiga gaba.

Salha ta san wurin. Abkar ya nuna musu shi shekaranjiya ta taga. Ƙasan ruwan ba yashi ba ne, dutsen murjani ne mai kaifi, ga ƙayar teku a kowane rami, ga maza ɗaruruwa da za su yi ta tattake juna. Ta fita baranda ta kira shi. Wannan karon shi ya ɗauka, daga wani wuri mai shiru, muryarsa ta koma ta wani saurayi da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Ya ce ta kwantar da hankalinta, iyakar idon sawu zai shiga, don kada a ce ya ƙi. Ta tambaye shi da wane takalmi. Ya ce wa ya taɓa shiga harid da makara a ƙafa.

"Abu Majid, daga gwiwa likita ya ce."

"Likita bai san ruwan gishiri ba, shi kansa magani ne."

"Ka yi allurar?"

Sai ya ce, "Kin yi mini alkawari, Ummu Majid." Ya kashe.

Ta tsaya da waya a hannu, zufa tana bin bayanta. Ta yi ƙwafa. Wata tara tana wanke gyambo, tana dafa abinci ba gishiri ba zaƙi tana ci tare da shi don kada ya ji shi kaɗai ne, ta daina zuwa bikin 'yan'uwanta don kada ya bi ta, duk don a zo a zubar a cikin yini ɗaya saboda tafin tsofaffin yara. Ta ji haushinsa, ta ji haushin Abkar, ta ji haushin Majid da ya kama ɗakin, ta fi jin haushin kanta da ta buɗe taswira ta zaɓi wannan tsibiri a cikin duk tsibiran Allah. Ta taɓa jakar da ke kafaɗarta, ta ji ta yi ɗumi. Ƙanƙarar ma ta narke.

Ta nemi kicin. Ba kowa a ciki, sai tarin tirurruka. Ta buɗe firji, ta zaro alluran daga jaka, tana neman lungun da za ta tura su ba a gani ba.

"Naki ne?"

Mahdiyya ce a bakin ƙofa, da buta a hannu. Hanya a buɗe take. In ta ce nata ne, alkawari ya tsaya, ba wanda zai yi mamakin mace mai shekarunta da sukari. Har ta buɗe baki za ta faɗa. Sai aka sake ɗaukar tafi a zaure, ta jiyo dariyar mijinta a sama da ta kowa.

"Na Ustaz ne," ta ce.

Da ta fara kuma ba ta iya tsayawa ba. Yatsan, gyambon, gwiwar, farar safa, dalilin zuwansu, alkawarin, duk ta zazzage a gaban matar da ko sa'a uku ba ta yi da sani ba. Mahdiyya ta ajiye buta, ta zo ta miƙa hannu ta saman kafaɗar Salha, ta jawo wani gwangwanin man shanu daga can ƙuryar firjin, ta buɗe. Ba mai a ciki. Allurai ne, iri ɗaya da na hannun Salha.

Ta ce na Abkar ne. Idonsa na dama ya kusa tafiya, likitan birnin Jazan ya ce na hagun ma yana hanya in bai kama bakinsa ba. Ta sha wahala kafin ta saba masa da ɗan kifi da ganye. Tunda Ustaz ya sauka kuwa, duk gidan da aka gayyace shi Abkar ne ɗan rakiya, kuma abin kunya ne ɗalibi ya janye hannu daga tire malaminsa yana ci. Salha ta ce shi ma Zafir cewa yake ba ya iya janye hannu masu gida suna ci. Mahdiyya ta ce Abkar ya hana a gaya wa Ustaz, wai kada ya ga yaronsa ya zama abin tausayi.

"Kwana huɗu ina yi wa mijinki addu'ar jirgin komawa gida," in ji Mahdiyya.

"Ni naki ba addu'a nake masa ba."

Ba su yi dariya ba, amma Mahdiyya ta zuba mata ruwan sanyi ta tsaya har ta shanye. Salha ta ce da ta sani da sun ƙi zuwa, rantsuwar ce ta ɗaure su. Mahdiyya ta taɓe baki.

"'Yar'uwa, da rantsuwar Abkar tana kamawa, da ba macen da ta kai ni idda a tsibirin nan. An sake ni a kan shinkafa, an sake ni a kan shayi, an sake ni a kan wa zai zauna a gaban mota. Ko ni ba a tambayata."

Ta ɗauki ludayi ta nufi ƙofar da ta raba ɓangaren mata da zaure. Salha ta riƙo hannunta, ta roƙe ta ta gaya wa Abkar a asirce, ya nemi wata dabara kawai, ya ce mota ta lalace, ya ce an ɗaga, komai dai, kada Ustaz ya san an faɗa. Mahdiyya ta ce za ta gwada. Ta ƙwanƙwasa ƙofar da ludayi. Abkar ya fito yana share baki, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta ja masa kunne da yatsa a leɓe.

Amma Allah bai halicci Abkar da raɗa ba. Ya koma ciki, Salha kuma ta ji komai ta bango kamar tana zaune a zauren. Ya ce a dakata da tafi. Ya ce su duka sun ci amanar malaminsu. Mutumin nan sukari ya ci masa yatsa, ƙafarsa tana hannun Allah, su kuma sun yi kwana huɗu suna ɗura masa zuma. Muryarsa ta karye, aka ji yana sumbatar kan Ustaz. Sannan ya ɗaga ta yadda har masu wucewa a titi za su shaida.

"Na rantse, in ƙafar Ustaz ta taɓa ruwa yau, na saki uwar 'ya'yana saki uku."

Mahdiyya ta ce, "Kin ji, an ƙara." Salha ta kasa kunne ta ji abin da mijinta zai ce, ba ta ji muryarsa ba.

Bayan la'asar gari duka ya koma bakin ruwa. Mata suka tsaya a kan tudu, ita da Mahdiyya a gefe guda. Daga nan ta hango an sauke Zafir daga mota. Ba su bar shi ya taka ba. Maza huɗu masu furfura suka ɗora shi a kujerar roba, suka ɗauke shi har inda yashi ya ƙare, suka ajiye, wani ya kafa masa laima, wani ya tura masa matashi ƙarƙashin ƙafa. Takalmin yana ƙafarsa, an ɗaure shi tam. Kambun furannin yana kansa har yanzu, ya ɗan karkace.

Maza suka jeru a gaɓa, riguna a naɗe, kowa ya sunkuya. Aka yi kiran. Gaɓar ta ɗauki ƙara, ruwa ya tashi fari. A daidai lokacin Salha ba ruwan take kallo ba. Ta ga bayan mijinta ya zabura gaba, hannuwansa sun dafe hannun kujera, ƙafar hagu ta sauka daga kan matashi. Ya tsaya a haka, rabi a zaune rabi a tashe. Sannan ya koma ya jingina, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar ya mayar da ita kan matashin.

Da aka fara fitowa, kowa da ya kama sai ya bi ta gabansa ya zube masa kifi biyu ko uku, kore da shuɗi suna ta tsalle a yashi. Kowa sai ya sunkuya ya ce Allah ya ba da lafiya. Wani ya ce akwai wani ganye da ake jiƙawa. Wani ya ce kawunsa ma haka aka yi masa, har ya rasu yana tafiya da sanda. Zafir yana amsa wa kowa, yana godiya, yana kiran sunayen iyayensu. Bai juyo wajen tudun mata ba ko sau ɗaya. Mahdiyya ta ce gobe ba wanda zai yanka komai, ita za ta zaga gidajen da kanta. Salha ta yi mata godiya. Abin da ta zo nema ke nan tun farko, ta kuma samu, amma ranta bai yi sanyi ba.

Abkar ya mayar da su otal kafin magariba, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, ba ya ko magana. Suka shiga haraba. Shu'i ya taso daga bayan kanta da sauri. Zafir ya ɗan miƙe wuya, don jiki ya saba. Shu'i ya kama gwiwar hannunsa da hannu biyu, ya sassauta murya.

"Ustaz, ya ƙafa?"

"Da sauƙi," in ji Zafir.

A ɗaki ya zauna a bakin gado, ya cire kambun ya ajiye a gefe. Salha ta mayar da allurai firji, ta wanke hannu, ta ninke abin da ba ya buƙatar ninki. Ta shirya amsoshi tun a mota. In ya ce ta karya alkawari, tana da abin faɗa. In ya ce ta tozarta shi, tana da wanda ya fi shi. Har so take ya fara, don ta samu inda za ta sauke abin da ke cinta tun safe. Bai fara ba. Ya zaro allurar daga aljihu, ba a ko buɗe ta ba, ya ajiye a kan tebur. Ya zauna yana kallon tagar da teku ya cika.

Can ta ji ƙarar takalmi ya faɗi ƙasa. Ta juyo. Ya kwance na hagu da kansa, ya miƙo ƙafar yana jira, kamar kowace yamma. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora ta a cinya, ta zare safar. Ta duba diddige, ta duba tsakanin yatsu, ta duba gurbin wanda babu. Ba tsaga, ba jini.

"Tsibirin nan ne kaɗai ya rage," ya ce, idonsa a kan taga, "inda ba a tambayata ya ƙafa."

Ta juya safar ciki da waje, ta ɗaga ta wajen haske. Fara tas.

"Miƙo ɗayar," ta ce.